Yadda ake zaɓen sandar fatsar fulai mai matsakaicin kuɗi don ruwan gishirin Legas

Ranar da na fara fito da sandata a cikin kwale-kwale, muna dab da Tarkwa Bay, dattijon da ke tuƙa mu ya kashe inji ya tsura wa ƙugiyar ido. Mutumin Badagry ne, amma ya yi su a Kainji yana saurayi, Hausa a bakinsa raɗau. Ya ce, "Alhaji, ina tanar? Ko kifin naka gashin kaza yake ci?" Na ce, "Baba, a dai yi haƙuri a gani." Bai ga komai ba ranar, don iska ta yi ta dawo mini da igiya a wuya har la'asar sakaliya. Sandar da na ɗauko mai lamba 5 ce, an ƙera ta don ƙananan kifayen kogunan ƙasashen sanyi, ni kuma na kawo ta bakin Tekun Atlantika.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fulai ƙugiya ce da aka naɗe da gashin tsuntsu ko na wutsiyar dabba ko zaren roba, har ta yi kama da ɗan kifi ko jatan lande. A fatsar da muka tashi da ita a bakin Kwara, dalma da tana su ne nauyi, su ke jan zare idan ka wurga. A nan ƙugiyar kusan ba ta da nauyin komai. Igiyar ce mai kauri da nauyi, sandar kuma aikinta ta lanƙwasa ta cilla igiyar kamar bulala, ƙugiya ta bi baya. Shi ya sa ba a sayen sandar fulai don tsawonta ko kyanta. Igiyar da za ta ɗauka ake fara tambaya.

Kuɗin sandunan hawa uku ne. Akwai na ƙasa da dala 200, akwai na tsakiya daga wajen dala 250 zuwa 600, sannan manyan da suka haye dala 1,000. Na tsakiyan nan su ne maganarmu, kuma a ganina su suka dace da mazaunin Legas ko da aljihunsa na da nauyi, saboda dalilin da zan zo kansa idan mun kai maganar karaya.

Mataki na farko: ka san inda za ka tsaya

Kusan duk bayanan da za ka gani a intanet kan sandar ruwan gishiri, mutanen Fulorida da Bahamas suka rubuta su. Can ruwan garai-garai yake, iya gwiwa, mutum yana hango kifi kafin ya jefa, wataƙila jifa ashirin ya yi a wuni. Legas ba haka take ba. Ruwan lagun ɗinmu gurɓatacce ne mafi yawan shekara, ba ka ganin abin da ke ƙasa, sai dai ka lura da inda ƙananan kifi ke tsalle suna gudun ceton rai, ko inda ruwa ke karo da dutse ko ƙafar gada, ka yi ta jifa kana ja. Jifa ɗari biyu a safiya ɗaya ba abin mamaki ba ne. Don haka nauyin sanda a hannu ya fi damunmu fiye da yadda ya dame su.

Sai iska. Mafi yawan watanni daga kudu maso yamma take busowa, daga teku. Da asuba takan kwanta, kafin azahar ta miƙe tsaye. Ruwa kuma yana cika ya janye sau biyu a kwana, kuma a mashigar tashar jiragen ruwa, wajen duwatsun da aka jera tun farkon ƙarni na 20 don tare yashi, gudunsa ba na wasa ba ne. Da damina ruwan koguna yakan rinjayi gishirin lagun, kainuwa ta rufe hanya. Da rani gishiri ya dawo, kainuwar ta mutu, kifayen teku su shigo ciki sosai.

Kifayen da za ka iya karo da su: barakuda mai haƙora kamar tsage, jak mai taurin kai, jan sinafa da ke maƙale a duwatsu da saiwoyin itatuwan bakin ruwa, kuroka, da wanda 'yan kasuwar kifi ke kira shaini-nos, sai kuma tafon, babban mai ɓawon azurfa. Ka zauna ka gaya wa kanka gaskiya: a rafukan Badagry da Five Cowrie Creek za ka fi yawo cikin kwale-kwale, ko a bakin teku da kan duwatsu za ka tsaya? Amsar ita za ta ba ka lamba.

Mataki na biyu: lambar sanda

A farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan fatsa na Amurka suka tsayar da ma'auni guda: a auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, wato wajen mita 9, a ba ta lamba. Igiya mai lamba 5 tana da giram 9 da ɗoriya, lamba 8 giram 13.6, lamba 9 giram 15.6, lamba 10 giram 18, lamba 12 kuwa ta kusa giram 25. Lambar da ke jikin sanda tana nufin igiyar da aka ƙera ta ta ɗauka. Bambancin giram biyu kamar ba komai ba ne a takarda, amma a cikin iska shi ne ke raba igiyar da ta miƙe da wadda ta zube a ƙafarka.

Lamba 8 ita ce za ka ji kowa na yabo. Tana da daɗi a hannu, kuma a cikin rafi mai kariya daga iska, da ƙugiya ƙarama, ta wadatar. Lamba 10 tana huda iska, tana ɗaga kifi daga zurfi, amma bayan awa biyu kafaɗarka za ta fara yi maka magana. Idan sanda ɗaya tal za ka saya, ni lamba 9 nake cewa. Tana cilla ƙugiya mai girman 1/0 zuwa 3/0 (ma'aunin girman ƙugiya ke nan, ba lambar sanda ba) ba tare da ka yi kokawa da ita ba, tana da ƙarfin gindin da zai juyo da jan sinafa kafin ya shige rami ya yanke zare, kuma ba ta kai nauyin da zai hana ka wuni da ita ba.

Babban tafon daban ne. A gaɓar Afirka ta Yamma ake samun mafi girmansu. Wanda ke riƙe da kambun duniya, mai nauyin kusan kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003. Irin wannan sai lamba 12. Kada ka sayi lamba 12 a matsayin sandar farko don mafarkin tafon. Za ka gaji kafin ka iya jifa, ka jingine ta a bayan kabad.

Ka koyi karanta rubutun da ke saman mariƙi, don kowane kamfani da salonsa. Sage za su rubuta 990-4, ma'ana lamba 9, ƙafa 9 cif, gaɓa 4. Orvis kan juya abin su rubuta 909-4: tsawo tukuna, sannan lamba. Idan saƙo za ka ba wani ya sayo maka, tura masa hoton rubutun, kada ka dogara da baki.

Mataki na uku: tsawo da gaɓoɓi

Ƙafa 9, gaɓa 4. Babu dogon tunani a nan. Bututun ajiyarta bai cika wuce santimita 80 ba, zai shiga babban akwatin tafiya a karkace, kuma za ka iya rataya shi a kafaɗa ka shiga danfo ko jirgin ruwa ba tare da ka tsokane wa wani ido ba.

Mataki na huɗu: taurinta

Sandunan zamani da zaren kabon ake yin su, wanda ake kira girafait. Na ruwan gishiri galibi masu tauri ne: kashi ɗaya cikin uku na sama ke lanƙwasa, sauran ya tsaya ƙyam. Irin wannan ce ke ba igiya gudu ta ratsa iska. Amma taurin yana da iyaka. Akwai sandunan da suka zama kamar muciya, ƙwararre ne kaɗai ke iya lanƙwasa su, shi ma sai ya fitar da igiya mai tsawo yana fizgarta da hannun hagu a kowane jifa. Ɗan koyo ba ya jin lokacin da irin wannan sanda ta ɗauki nauyi a bayansa, sai ya yi ta ƙara ƙarfi, igiya ta yi ta ɗaurewa.

Abin nema shi ne mai taurin gindi da laushin kai. A nan ma sandunan tsakiya suna da wata fa'ida, don da yawansu ba su kai manyan tsanani ba, suna yafe wa hannun da bai gama nuna ba. Kaɗa sanda a cikin shago kamar mai korar kaji ba ya gaya maka komai. Zura mata igiya, wani ya riƙe bakin igiyar, ka ɗaga a hankali ka ga inda lanƙwasar ta tsaya.

Mataki na biyar: ƙarafunan jiki

A nan ne ake gane wadda aka yi don teku da wadda aka yi wa fenti shuɗi kawai aka rubuta mata sunan teku. Gishiri da danshin Legas ba sa raga wa ƙarfe. Duk wanda ya taɓa ajiye mota wata uku a Lekki ya ga aikinsu. Ka ɗauki sandar ka bi ta daga gindi zuwa kai.

A can ƙarshen gindi dole a sami ɗan dunƙule mai taushi, tsawon yatsa ɗaya ko ƙasa da haka. Shi kake tokarewa a ciki idan kifi ya ja. Sandar da ba ta da shi ta ruwan daɗi ce, ajiye ta.

Mazaunin kwarkwaro, wato inda ake ɗaura abin naɗe igiya, ya kasance alminiyam ne gaba ɗaya wanda aka yi wa rufin hana ci, da noti biyu masu ɗaure juna. Mai katako a tsakiya yana da kyan gani, amma katako yana shan ruwa ya kumbura. Murɗa notin sama da ƙasa ka ji ko yana tafiya sumul. Noti ɗaya yakan kwance da girgizar inji, kuma ba ka son kwarkwaro ya faɗo cikin kwale-kwale daidai lokacin da kifi ke gudu.

Mariƙin da kok ake yi, ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi. Ka nemi mai buɗaɗɗen baki sama da ƙasa, inda babban yatsa zai sami matokara. Danna shi da farce. Kok mai arha ramuka ne da shi da aka cike da gari da gam, bayan fita biyar cikon ya zube ya bar maka mariƙi kamar wanda gara ta ci. A sandunan tsakiya nan ne kamfanoni suka fi rage kuɗi, kuma ni ban cika damuwa ba, ramin kok bai taɓa hana kama kifi ba.

Zobban da igiya ke bi su ne abin tsayawa. Biyun farko na kusa da hannu su zama manya, masu faɗin da ƙulli zai wuce idan kifi ya fizgi igiya da gudu. Firam ɗinsu ƙarfe mara tsatsa ko taitaniyam, cikinsu kuma zoben tangaran. Sami ɗan tsinken auduga na goge kunne ka zagaya cikin kowane zobe. In akwai tsaga da ido bai gani ba, audugar za ta maƙale. Tsagaggen zobe yana fere igiyar dala 100 a wuni guda. Sannan ka duba ƙafar kowane zobe, inda aka naɗe da zare aka shafe da danƙo mai ƙyalli. Danƙon ya rufe ruf. In akwai 'yar kafa, nan ruwan gishiri zai shige ya kwanta, wata biyu ka ga jan tabo yana fitowa daga ƙarƙashi.

Daga ƙarshe harhaɗa gaɓoɓin, ka kaɗa a hankali kusa da kunne. In ka ji wani ƙas-ƙas a mahaɗa, ba ta zauna daidai ba.

Mataki na shida: ka jefa kafin ka biya, in da hali

Wannan shi ne mai wuya a garin nan, don shagunan kayan su na Legas taru da ƙugiya da sandar dalma suka fi ajiyewa. Mafita ita ce aro. Cikin masu kamun kifin nishaɗi da ke ajiye jiragensu a Ikoyi da Victoria Island ana samun masu sandar fulai, kuma mai wannan sha'awa ba ya ƙin nuna kayansa, sai ma ka rasa yadda za ka yi sallama da shi.

Je filin ƙwallo mai ciyawa, ba kan kwalta ko siminti ba, don suna cinye fatar igiya. Ɗaura irin ƙugiyar da za ka yi aiki da ita, amma ka datse lanƙwasar da filaya. Sa tabarau. Ajiye takalmi a mita 10, wani a mita 15, wani a mita 20, ka fuskanci iska, kada ka ba ta baya. Kowa gwani ne idan iska na tura masa. Duba ko sandar tana jin igiya a mita 10, don kifi da yawa kusa da kwale-kwale suke ɓullowa. Duba ko za ka kai mita 20 da kaɗawa biyu ko uku. Sannan ka ci gaba da jifa minti goma sha biyar ba tsayawa, ka saurari wuyan hannunka. Sanduna biyu za su iya yin nauyi ɗaya a sikeli, amma wadda nauyinta ya taru a kai ta fi gajiyarwa nesa ba kusa ba.

Mataki na bakwai: ranar da za ta karye

Za ta karye. Tawa ta biyu, wadda na yi wata huɗu ina tara kuɗinta, ko ruwa ba ta gani ba. Na harhaɗa ta a falo da daddare ina nuna wa ƙanena, babu wuta, na ɗaga ta sama, sai aka kawo wuta fanka ta tashi. Tsawon ɗan yatsa ta cire daga kai. Kamfanin yana da garanti, ba su yi musu ba, amma sai da na aika musu gaɓoɓin har ƙasarsu, na biya kuɗin gyara da na aikawa zuwa da dawowa, na jira wata huɗu, rani ya wuce.

Wannan ne dalilin da na ce ko mai kuɗi ya tsaya a tsakiya. Garantin da ake ƙara wa manyan sanduna kuɗi dominsa an tsara shi ne don wanda gidan waya zai kai masa kaya cikin mako guda. Orvis suna ba da garantin shekara 25, abu ne mai kyau, amma ka lissafa hanyar daga Agege. Tambayar da ta fi amfani gare mu ita ce: ana sayar da gaɓa ɗaya ita kaɗai? Kamfanonin TFO da Echo suna sayar da gaɓar canji ba sai ka aika da sandar ba. In ka sami irin wannan, sayi kan sanda na biyu tun ranar farko, a zuba shi cikin bututu ɗaya a kawo maka. Kai ne ke karyewa mafi yawan lokuta. Ka kuma sani cewa garanti galibi na mai sayen farko ne, ba ya bin sanda zuwa hannu na biyu.

Sunayen da za ka fara dubawa a wannan hawa: Clearwater da Recon na Orvis, Mangrove Coast da Axiom II-X na TFO, Predator na Redington, Boost Blue na Echo, Maverick na Sage. Farashi yana motsi, ana kuma sauya samfuri duk bayan 'yan shekaru. Idan sabon samfuri ya fito akan karya kuɗin tsohon, kuma kifi bai san an yi sabo ba. Wanda ka gani a intanet da sunan babban kamfani a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, jabu ne, araha ba ta ado.

Kada sanda ta cinye kuɗin duka

Kuskuren da na fi gani ke nan. A ce dala 700 gare ka: sanda 350, kwarkwaro 200, igiya 100, sauran 50 na ƙugiyoyi da zaren gaba, wato siririn zaren da ke haɗa igiya da ƙugiya. Igiyar dole ta zama ta ƙasashen zafi, ana rubutawa a kwalinta. Ta ƙasashen sanyi tana yin laushi a ranar Legas ta zama kamar taliyar da ta dahu ta wuce, tana manne wa zobba tana cukurkuɗewa. In ɗaya za ka saya, ɗauki mai nutsewa a hankali, ta fi mai yawo a sama amfani a ruwa mai gudu da igiyar ruwa. Kwarkwaron ya kasance mai rufaffen birki da gishiri ba ya shiga, mai ɗaukar zaren ajiya mita 200, irin mai jure jan nauyin fam 30, a ƙarƙashin igiya. Jak ɗaya mai kyau zai nuna maka amfanin zaren nan.

Ƙugiyoyi kala biyu sun isa farawa: Clouser Minnow, wadda Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987, da Deceiver ta Lefty Kreh, fari da kore mai ɗaukar ido. Ka yi hattara da Clouser, idanunta na dalma ne. In ta daki jikin sanda a guje takan bar rauni, sandar ta karye daga baya a daidai wurin. Inda ake zaton barakuda, ƙara waya tsawon taƙi ɗaya a gaban ƙugiya.

In ta iso hannunka

Goga ɗan kyandir a namijin kowace mahaɗa. Wajen haɗawa, zura gaɓar a ɗan karkace sannan ka murɗa ta daidaita da zobba, kuma duk bayan awa guda a kan ruwa ka sake matsawa, don mahaɗar da ta saki ita ke tsagewa. Idan kifi ya zo kusa, kada ka miƙar da sanda tsaye sama har kai ya lanƙwashe kamar lauje. Riƙe ta a gicciye, gindi ya yi aikin. Hadari ya taso, kwantar da ita, girafait yana jan tsawa. Rigar kariyar nutsewa kuma LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, ta wajabta ta a ruwan Legas, sa abinka.

Ni da leda biyu ta fiya-wata nake sauka daga kwale-kwale, in wanke zobba da mazaunin kwarkwaro tun a bakin ruwa kafin gishiri ya bushe. A gida in sake wankewa, in bi ƙafar zobba da tsohon buroshin haƙori, in jera gaɓoɓin a inuwa su kwana. Sai washegari suke komawa rigarsu ta yadi, don jiƙaƙƙen yadi a rufaffen bututu fumfuna da tsatsa yake haifarwa. Ba a barin ta a cikin motar da ke rana.

In gaɓa ta ƙi fita bayan wuni a ruwa, kada ka kama zobe ka murɗa. Ɗan durƙusa, kai sandar bayan gwiwoyinka, hannu ɗaya a kowane gefen mahaɗa a wajen gwiwa, sai ka buɗa ƙafafu a hankali su ture hannuwan. In ta ƙi, ɗora ledar fiya-wata mai sanyi a kan mahaɗar minti biyu ka sake gwadawa.